Fitilar Goggo a Cikin Bulo

Yayana Gwadabe mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin komai. Ni ƙanwarsa ce, Larai, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara arba'in da shida ke nan ina zaune a ƙarƙashin wannan baiwa, kuma har yau ban warke ba. In ka ce masa kanka na ciwo, likita ne. In motarka ta mutu, bakanike ne. Ranar da aka yi husufin rana ma shi ya yi wa mutanen unguwarmu Limawa bayani, har sai da liman ya naɗe buzunsa ya bar masa wurin. Sana'arsa ta ainihi buga bulo ce, amma kada ka kuskura ka ce masa mai bulo, Injiniya yake amsawa. Bulon nasa kuwa duk Dutse an san shi. Akuya ta taɓa sosa jikinta da katangar da aka yi da shi, katangar ta kwanta, akuyar ta ƙara gaba abinta. Buhun siminti ɗaya yakan ja shi har sai yashi ya manta sun taɓa haɗuwa.

A danginmu akwai wata fitila ta ƙasa. Ba ta fi tafin hannu ba, baƙa wuluk saboda tsufa, da rami a sama inda ake zuba mai, da ɗan baki a gefe inda lagwani yake leƙowa. Kakarmu ce ta gina ta da hannunta, mahaifiyar babanmu, wadda maginiyar tukwane ce a Aujara. Fitilar tana wurin Goggo Kubura, ƙanwar babanmu, wadda ita kaɗai ta rage mana a manya. Ba a kunna ta sai ranar suna. Da safe kafin a raɗa wa jariri suna sai a zuba man gyaɗa, a murza auduga a yi lagwani, a kunna, babban namijin dangi ya riƙe ta a hannu. Ba ya ajiyewa, ba ya miƙa wa kowa, har sai wanzami ya gama askin jaririn. Haka aka yi wa Yaya, haka aka yi mini, haka aka yi wa 'ya'yana. Ba farilla ba ce, ba sunna ba ce, mun sani sarai. Abin gidanmu ne kawai, kuma muna son abinmu.

To, 'yata Adawiyya tana da cikin fari wata takwas, ta dawo gabana goyon ciki. Tun rasuwar babanmu ba a yi haihuwa a dangi ba, saboda haka wannan karon Yaya Gwadabe ne zai riƙe fitila, karo na farko a rayuwarsa. Ina ma a nan abin ya tsaya.

Wata rana sai ya gani a wayarsa an nuna wasu Turawa suna tono fitilun ƙasa a wani kango, wai sun shekara dubu biyu, ga kuma wata mata tana kwaikwayonsu da hannu, mutane suna rububin saye. Kafin la'asar duk majalisar gindin darbejiya ta ji labari. Ya ce fitilun nan irin ta Goggo ce sak, sai dai ta Goggo ta fi su kyau, kuma in an bincika wataƙila daga Aujara Turawan suka koya. Ya ce zai buɗe Kamfanin Fitilar Kakanni. Dubu zai riƙa bugawa a mako. Manyan otal-otal na Abuja za su bi layi, daga nan sai Dubai.

Maƙwabcinmu Malam Sadisu, tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko za a rubuta a jikin fitilun cewa a nisanta su da akuya. Yaya ya ce hassada ce, kuma an yi wa waɗanda suka fi shi.

Ni ya ja muka tafi Aujara, don ya san Goggo ba za ta ba shi ko cokali ba in shi kaɗai ne. Ya ce mata gara a kawo fitila Dutse tun yanzu, kada haihuwa ta zo a yi ta gaggawa. Daga baya ya ɗan saki cewa yana so ya duba yadda aka gina ta, ko zai yi irinta. Goggo idonta ya yi rauni, ba ta gani sai dishi-dishi, amma da ta ji wani a zuriyar uwarta yana son koyon gini sai fuskarta ta washe. Ta gyara zama ta shiga yi masa bayani. Ta ce yumɓun fadama ake samowa a jiƙa kwana uku. A daka tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane, a haɗa a ciki don kada ya tsage. A taka da ƙafa har ya yi laushi. In an gina a shanya a inuwa, ba a rana ba, har ya bushe ciki da waje. Sannan a gasa da kara da busasshen kashin shanu, kuma tun da zafinta a yayyafa mata ruwan makuba, ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, in ba haka ba ƙasar za ta shanye man da aka zuba.

Yaya yana duba agogo. Da ta kai aya ya ce mata wannan duk aikin da ne, su yanzu suna da kimiyya. Ita fitila ɗaya take ginawa a mako, shi kuwa bulo ɗari uku yake bugawa kafin azahar.

Goggo ta laluba ƙarƙashin matashinta ta fito da fitilar a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ta daɗe tana riƙe da ita.

"Larai," in ji ta, "a cikin ramin nan akwai shaidar babban yatsan uwata, inda ta danna tun ƙasar tana ɗanya. In kewarta ta dame ni, nan nake sa yatsana. Ke nake ba wa, ba shi ba."

Ni ce na buɗe bakin nan nawa na ce ta kwantar da hankalinta. Muna fita daga garin ya ce jakata ba ta da aminci, ya karɓa ya zura a aljihu.

Dabarar da ya yi kuwa, ku saurara da kyau, don ba kowace kwanya ce take haifar irinta ba. Ya ce ba zai zauna yana murza taɓo da yatsa kamar tsohuwa ba. Zai lulluɓe fitilar da siminti, in ya bushe ya raba shi biyu, ya zare fitilar, a bar masa siffarta a ciki. Daga nan sai dai a cusa yumɓu a buɗe, a cusa a buɗe. Ya toshe ramin da bakin da tsumma, ya ɗora ta a cikin akwatin buga bulo mai inci tara, ya dama siminti. Kuma da yake wannan aikin na kansa ne, ba na masu gini ba, sai ya zazzaga rabin buhu cur. Matarsa Karima tana tsaye, ta ce masa ko tanda ma ai sai an shafa mata mai kafin waina ta tashi. Ya ce matsalar mata ke nan, komai na duniya a wurinsu waina ne. Ya zuba, ya daddale, ya shafe saman tas, babu abin da ke leƙowa sai tsummokaran nan biyu. Kwana uku yana ba shi ruwa safe da yamma, gatan da bai taɓa yi wa wani bulo ba.

Rana ta huɗu ya gayyato majalisa su zo su ga tarihi. Ya ɗora ƙusa a tsakiya, ya yi bismilla, ya ɗan ƙwanƙwasa da guduma. Shiru. Ya ƙara. Ƙusar ta lanƙwashe. Ya sake wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Malam Sadisu ya zagaya bulon, ya shafa shi, ya ɗan hau kansa ya yi tsalle. Ya sauko ya miƙa wa Yaya hannu.

"Barka, Injiniya. Shekara ashirin da biyar kana buga bulo, yau Allah ya yi ka yi na farko."

Katangar da ta raba gidana da na Yaya da bulonsa aka yi ta, saboda haka kusan gida ɗaya ne. Ta ɓarakar katangar na shigo na tarar ya ɗaga babbar gudumar fasa dutse sama. Na tambayi inda fitila take, aka nuna mini tsummokara. Ban san lokacin da na kwanta a kan bulon nan ba, ni da nake shirin zama kaka, na ce sai dai ya fara fasa ni. Ya ce ina hana ci gaba.

Daga nan aka shiga neman magani. Ya ji a waya cewa tsami yana cin siminti, sai ya kwashe tsamiyar da Karima ta tanada don kunun mai jego, ya jiƙa a bahon wanki, ya tsoma bulon mako guda. Bulo ya fito fes, har wani sheƙi yake yi. Ya kira Zainulabidin mai walda da injin yankan ƙarfe. Mutumin ya duba, ya tambaya daidai ina cikin fitilar ya tsaya a cikin simintin, don kada ya raba ta biyu. Yaya ya nuna nan, ya nuna can, ya ce kusan nan dai. Zainulabidin ya naɗe wayar injinsa, ya ce shi ma yana da goggo, ya fita.

A nan ne Yaya ya rage murya ya ce mini ai Goggo ba ta gani sosai. Zai gina wata da hannu, irinta sak, babu mai ganewa, kuma dama kamfani yana bukatar haja. Ya kamata a ranar in hau mota in je Aujara in faɗi gaskiya. Ban je ba. Tsoro ya hana ni, da kunyar tsohuwar da ta ce ni ta ba wa. Na yi shiru, kuma shirun nan yana cikin abubuwan da nake jin haushin kaina a kansu har gobe.

Zubin farko, ya ɗebo taɓon kududdufin bayan unguwa. Na tuna masa da tsingaro, ya ce ba zai zuba shara a cikin hajarsa ba. Ya gina guda hamsin ya jera su a kan rufin kwano da tsakar rana, wai a inuwa ɓata lokaci ne. Kafin la'asar duk sun tsattsage. Ya hau tsani ya leƙa, ya sauko ya sanar da mu cewa ranar Dutse ta fi ta Aujara zafi saboda duwatsu, abin da Goggo ba za ta sani ba tunda ba ta yi karatu ba.

Zubi na biyu ya yarda da inuwa, amma kwana biyu kacal. Ya shafa bayansu ya ji sun bushe, ya ce shi ke nan. Kara da kashin shanu kuwa ya ce ƙauyanci ne. Ya samo durom, ya jera fitilun a ciki, ya cika da tsofaffin tayoyi da garin katako, ya cinna wuta bayan sallar azahar. Ashe cikinsu a jiƙe yake. Ta farko ta ce tas, ta biyu ta ce tas, daga nan suka ɓarke gaba ɗaya kamar ana harbi. Mata suka riƙa rufe ƙofofi. Mai kayan miya ya bar baronsa a tsakiyar layi ya tsere, tumatir yana bin sa a baya. 'Yan sintiri suka iso da gorori suna tambayar ta ina ɓarayin suka bi. Baƙin hayaƙi ya sauka a kan shanyar gida bakwai, kuma matan gida bakwai ɗin duk sai da suka zo suka gaya wa Karima abin da suke tunani game da mijinta. Ta ce musu su ƙara, ita ma tana so ta ji.

Ana cikin haka sai ga Malam Sadisu da kwanon furarsa, wani ɓallin fitila yana iyo a ciki. Ya ce ya zo ne ya yi murna, ya ga kamfani har ya fara kai kaya gida-gida. Yaya, fuska baƙi ƙirin, gira ɗaya a ƙone, ya ce wannan gwajin inganci ne, duk manyan kamfanoni suna yi, marasa ƙarfin ne suka fashe. Malam Sadisu ya leƙa durom ya tambaya masu ƙarfin suna ina.

Zubi na uku tsoron wuta ya kama shi. Ya tura su cikin tokar murhun Karima bayan an sauke tuwo, suka ɗan ji ɗumi, ya kwashe. Guda arba'in suka fito ba tsaga. Wasu sun yi kama da kwaɗo, wasu da takalmin jariri, ɗaya kuma ko shi bai san ina ne gabanta ba. Don su yi kamar tsofaffi ya mulke su da baƙin man goge takalmi, ya binne su a turken awaki kwana huɗu. Na ce makuba fa? Ya ce man takalmi shi ne makubar zamani. Na ce to a gwada zuba mai a gani. Ya ce mai shakka ne yake gwaji, kuma dama Karima ta kulle man gyaɗarta a ɗaki ta rataya makullin a wuya.

Ranar Talata Adawiyya ta sauka lafiya, mace, da gashi cunkus a ka kamar an dasa. Ran kwana shida aka kawo Goggo. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a miƙo mata fitila. Yaya ya ce tana wani wuri na musamman inda iska ba ta shiga. Wannan kam bai yi ƙarya ba. Shi kuwa bulon, Karima ta gaji da tuntuɓe da shi ta sa an mirgina shi ƙofar gida. Da masu kafa rumfa suka zo suna neman abu mai nauyi da za su danne ƙafar rumfar, suka duba duk layin, shi kaɗai suka samu da ya amsa sunan bulo.

Safiyar suna Yaya ya fito cikin farar shadda, babbar riga har ƙasa, sai ƙamshi yake yi. Ban ankara ba ashe ya kafa teburi a gefen rumfa, ya ware fitila ɗaya, ya jera sauran talatin da tara, ya rataya ƙyalle an rubuta Kamfanin Fitilar Kakanni, Ana Neman Dillalai. A ranar sunan jikata. Kuma tun da aka fito sallar asuba ya lallaɓa ya ɗauke galan ɗin man da Karima ta kawo mini gudummawar suyar waina, ya ciccika su duka.

Mutane suka taru, liman ya zauna, aka fara raba goro da dabino. A gidanmu a zaure ake askin, maza suna gani daga waje, mata suna leƙe daga ciki. Goggo tana kan tabarma a bakin zaure. Yaya ya zaɓo wadda ta fi kama da fitila a cikin arba'in ɗin, ya tsaya nesa da Goggo, ya ƙyasta ashana, ya ɗaga hannu sama yadda kowa zai gani.

Ta ci kamar minti biyu, ta mutu. Ya leƙa, babu mai. Ya ce iska ce, ya ƙara zubawa, ya kunna. Sai ga man yana tsattsafowa ta gindinta, ya narkar da man takalmin, baƙin abu ya bi tsakanin yatsunsa, ya gangara gwiwar hannu, ya shiga hannun farar shadda. Can a teburi kuma duk talatin da taran sun shanye nasu suna gumi, mai yana ɗiga ƙasa, tururuwa sun ja layi. Da rana ta ɗan taɓa su sai warin turken awaki ya tashi. Liman ya ja buzunsa baya, ya ƙara ja, har ya kusa fita daga rumfar. Malam Sadisu ya tambayi na kusa da shi, da muryar da ake ji har bakin titi, ko kakannin da ake magana bunsuraye ne.

Yaya ya zuba mai karo na uku. Wannan karon wutar ta kama sosai, zafi ya ratsa ɗanyar ƙasar da ke ciki, fitilar ta ce ƙas ta rabe biyu a tafin hannunsa. Cikinta ja ne, ɗanye, irin taɓon da kowa a Limawa ya san kududdufinsa.

Goggo ta ce a miƙo mata. Ba wanda ya motsa, sai ta miƙa hannu ta bar shi a miƙe har sai da Yaya ya tako ya ɗora mata ɓallin. Ta shafa bayansa, ta shafa cikinsa, ta kai hanci ta sansana, ta ajiye a gefe.

"Gwadabe, ina fitilar uwata?"

Ya fara bayani. Ya ce tsohon abu in ya canja gari yakan canja yanayi, kimiyya ta tabbatar. Ya kawo maganar duwatsun Dutse, ya kawo Turawa, har ya fara shiga Dubai. Ta bar shi ya gaji don kansa, sannan ta juyo da fuskarta wajen da ta ji numfashina.

"Larai, ke na ba wa."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na fito gaban maza ina kuka, na kama hannunta, na tashe ta, na ja ta har ƙafar rumfa. Na ce ga ta nan, Goggo, a ciki. Ta durƙusa da ƙyar, ta shafa simintin ta kowane gefe, ta sami tsummokaran ta zare su. Ta zura yatsanta a ramin. Ta daɗe a haka, kanta a sunkuye, hawaye yana sauka a kan bulon. Har Malam Sadisu sai da ya sunkuyar da kai.

"Tana nan," in ji ta. "Ku kawo mai."

Karima ta tatso ɗan abin da ya rage a gindin galan. Goggo ta murza auduga a cinyarta, ta zura ta bakin, ta zuba mai, aka kunna. Wuta ta miƙe tsaye, 'yar siririya, ba hayaƙi, ba ɗigo. Ta share fuskarta da gefen mayafi ta ce wa Yaya ya ɗauka.

Ya dubi bulon. Ya ce a matsayinsa na injiniya yana ba da shawarar a ɗora a teburi, ya dafa da hannu, ai duk riƙo ne. Goggo ta ce ubansa ya riƙe ta a sunan 'ya'ya da jikoki goma sha tara bai taɓa dafawa ba. Ya ce in an ɗauke bulon rumfa za ta faɗi. Malam Sadisu ya miƙe da sauri ya rungume ƙafar rumfar, ya ce shi zai riƙe, don Allah, kuma dama daga nan an fi gani sosai.

Haka Yaya ya tattare babbar riga, ya yi nishi, ya rungumi bulo mai inci tara, toshe ba rami, wanda aka yi da rabin buhun siminti aka shayar da shi kwana uku. Liman ya yi addu'a mai tsawo, aka raɗa suna Nana Aisha. Sannan aka kira wanzaminmu, Baba Jaji, wanda ya haura tamanin kuma bai taɓa gaggawa a kan komai ba. Ya buɗe zabira. Ya zaɓi aska, ya mayar, ya zaɓi wata. Ya wasa ta. Ya dubi kan jaririya ya yi salati, ya ce rabonsa da ganin gashi irin wannan tun zamanin da ake zuwa Taura a kan jaki. Ya tsaya ya ba da labarin zuwa Tauran.

Yaya ya gyara rungumar bulon yana nishi. Gumi ya haɗu da man takalmi, hula ta zamo ta rufe masa ido ɗaya, ba hannun gyarawa. Ya raɗa wa Baba Jaji cewa ai yanzu akwai injin aski na batir, minti ɗaya an gama.

"Jaji," in ji Goggo, "kan jaririya ne. Bi a hankali."

Baba Jaji ya bi a hankali. Sai da aka kusa awa guda. Da aka gama, Yaya ya dire bulon, hannayensa suka ƙi miƙewa, ya zauna a ƙasa da su a lanƙwashe kamar mai jiran a zuba masa hatsi. Waina kuwa ba a soya ba, 'yan suna shayi da burodi suka ci. Amma ko awa biyu ba a yi ba na jiyo shi yana gaya wa wasu baƙi cewa shi ne mutum na farko da ya ƙirƙiro fitilar da ɓarawo ba zai iya sata ba.

Da Goggo za ta koma, ya sa an kinkimo bulon za a saka mata a bayan mota, yana murna zai rabu da shi. Ta ce a sauke.

"Ni ba bulo na bayar ba. Ranar da ka fito mini da fitilata lafiya, ka bar ta a wurina. Kafin nan, duk Juma'a ka kawo ta Aujara in taɓa, ka mayar."

Wata bakwai ke nan. Kullum da yamma yana zaune da ƙusa da 'yar ƙaramar guduma yana ɗan ƙwanƙwasa gefe-gefe, Karima tana tsaye a kansa kada ya yi kimiyya. Ya zuwa yanzu ya ci kamar faɗin yatsa biyu. Duk Juma'a da safe yana ɗaure bulon a bayan babur ya kama hanya, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce samfur ne zai kai wa wasu 'yan kwangila. Na bi shi sau ɗaya. Ya sauke a gaban tabarmarta yana haki. Goggo ta zura yatsanta a ramin, ta rufe ido, ta yi shiru na ɗan lokaci, leɓenta yana motsi. Shi ma, abin da ban taɓa gani ba, ya yi shiru. Sannan ta zare yatsan ta goge a zane.

"To, na gaishe ta. Mayar."